Sabon Bodin MGB na British Motor Heritage

Duk wanda ya taɓa mallakar MGB, tsohuwar ƙaramar motar Birtaniya, ya san cewa injinta mai 1798cc ba kasafai yake ba da wahala ba, tsatsa ce ke gama da motar. An ƙera ta a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, sama da guda 500,000, kuma da yake ba ta da shasi dabam, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai. Tawa ƙirar 1972 ce, kuma ranar da bakanike ya danna sukundireba a dogarin da ke ƙarƙashin ƙofa, sai ƙarfen ya rufta kamar ɓawon gyaɗa, ashe wani mai walda da ya gabata ya cike ramin da fila ya shafe da fenti. A nan na daina tunanin faci, na sayi sabon bodi.

Kamfanin British Motor Heritage, wanda ke Witney a yankin Oxfordshire na Ingila, ya fara ƙera waɗannan bodi a 1988 da ainihin na'urorin matse ƙarfe da aka yi bodin asali da su, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa na amince da shi. Ramukan kusoshi sun faɗa inda ya kamata, gatarin gaba ya zauna ba tare da an sa masa guduma ba, sannan bodin ya zo da shafin farko na kariya daga tsatsa, wanda ya fi abin da motocin wancan zamanin suka samu nesa ba kusa ba.

Sai dai kada mai saye ya ɗauka cewa aiki ya ƙare da isowarsa. Tsarin bodin tun na 1962 ne, saboda haka daidaita tazarar ƙofofi da murfin inji aikin hannu ne mai cin lokaci, kuma wayoyin wuta, birki, kujeru da fenti duk suna nan suna jiran aljihunka. Kuɗinsa fam dubbai ne masu yawa, amma wanda ya ƙirga ladan walda a Birtaniya awa-awa zai ga cewa facin ruɓaɓɓen bodi yakan zarce shi.

Akwai masu cewa motar ta tashi daga asalinta. Ni dai inji, giya da kafiretoci ƙirar kamfanin SU guda biyu na da ne, kuma a karon farko ƙofar direba tana rufuwa da turi ɗaya.