Lemon tsami ko tsamiya: wanne ya fi?

'Yar'uwa, kin ce lemon tsami ya yi tsada a unguwarku, ga shi kina da curin tsamiya a ajiye, shin za ta tsaya miki a madadinsa, kuma wanne ya fi amfani a jiki. A baki dai dukansu tsami ne, amma a bakin murhu suke rabuwa.

Tsamiya ba ta tsoron wuta. Ki jiƙa ta da ruwan ɗumi, ki murje, ki tace, ki dama kunu da ita, tsaminta na nan daram, har da ɗan zaƙi-zaƙin nan da ke biyo baya. Shi ya sa kunun tsamiya na buɗa-baki ba wanda ya isa ya canza mata gurbi. Shi kuwa lemon tsami, babban abin da ake nema a jikinsa bitamin C ne, zafi kuma na lalata shi. Kika matsa a tukunya tana tafasa, tsamin zai zauna, ƙamshin ya bi tururi, amfanin ya ragu. Sai an sauke ake sa shi. A kunun gyaɗa kowanne ya yi, sai dai na lemon ya fi fitowa fari tas, tsamiya kan ɗan dusashe masa launi. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa da ludayi, za ki ga yana kama jikinsa.

Ta fuskar bitamin C ba a ma haɗa su: giram 100 na lemon tsami na da kusan miligiram 30, tsamiya ba ta kai 5 ba. Wannan bitamin ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake, wanda ake haɗa jini da shi. Don haka in kin yi kwaɗon zogale ko faten wake, matsa rabin lemon a kai lokacin ci ba kwalliya ba ce. Masu ciki sun fi kowa buƙatar jin wannan, amma kada a bar ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo a ce ai ana shan lemon tsami. Ruwansa kuma na taimakawa wajen hana tsakuwar ƙoda taruwa, in ana shan ruwa sosai. A Gini Bisau, lokacin annobar kwalara ta shekarun 1990, masu bincike sun gano cewa sa ruwan lemon tsami a miya na hana ƙwayar cutar yaɗuwa a abincin da aka ajiye. Kariya ce ba magani ba. Wanda amai da gudawa suka kama, ruwan gishiri da sukari da asibiti ne nasa.

Ita ma tsamiya da nata. Tana sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida, tana ɗauke da sinadaran fotashiyam da magniziyam. Sai dai fiye da kashi ɗaya cikin uku na namanta sukari ne, tsamin ne ke rufe shi, mai ciwon suga ya kula.

Wajen wanke tarwaɗa da kayan ciki kuwa, lemon ne sarki: ki goga, yauƙin ya dunƙule ya fita, ƙarnin ya tafi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke wuce gona da iri da lemon tsami. Shan shi tsura kullum da sassafe wai don rage tumbi ba ya narkar da kitse, haƙora yake ci, mai olsa ko ƙwannafi kuma ya wuni yana murƙususu. Ki surka da ruwa, ki kurkure baki bayan kin sha. Ƙanwata ta taɓa shafa shi a fuska don ƙuraje, ta fita kasuwa da rana tsaka. Washegari kumatunta suka yi ja kamar ƙuna, baƙin tabon ya ɗauki watanni kafin ya baje. Don Allah a bar shi a kicin.

Ki ci gaba da dama kununki da tsamiyar nan, tana shekara ba ta lalace ba. Lemon kuma ki sayi kaɗan don kwaɗo da wake da shayi, ki zaɓi mai nauyi a hannu mai sulɓin ɓawo, ki murza shi a kan tebur kafin ki yanka, ruwansa ya fi fita.