STarT Back ko Örebro: Wacce Ta Fi Dacewa da Majinyatan Turkiyya?

Malama, kin tambaya wacce takardar tambayoyi za ki tantance ingancinta a harshen Turkanci domin gano waɗanda ciwon bayansu zai iya zarce watanni 3 ya zama na dindindin. Amsar tana ga abin da kike son hangowa.

STarT Back ta fito daga Jami'ar Keele ta Ingila a 2008, tambayoyinta 9 ne, kuma tana raba majinyata gida uku: masu ƙaramin haɗari, matsakaici da babba. Biyar daga cikinsu suna auna tsoron motsi, damuwa, zaton mafi muni, ƙuncin rai da yadda ciwon ya addabi mutum, kuma wanda ya samu maki 4 ko 5 a cikin biyar ɗin nan shi ne mai babban haɗari. Örebro kuwa Linton da Halldén ne suka fitar da ita a Suwidin a 1998, tambayoyi 21 ake ba maki, sannan gajerarta mai tambayoyi 10 ta biyo baya a 2011. Ƙarfinta yana wajen hango wanda zai daɗe bai koma bakin aiki ba, shi ya sa nake shakkar dacewarta idan yawancin majinyatanki matan gida ne da 'yan fansho. Ga asibiti mai cunkoso, ni STarT Back zan ɗauka.

Ko wacce kika zaɓa, fassara ce matakin farko: mutum biyu su juya ta zuwa Turkanci, wasu su mayar da ita Ingilishi, kwamitin masana ya daidaita, sannan a gwada ta a kan majinyata 30 zuwa 40. Ki kula da kalma ɗaya. Baturke yana bambanta "bel", wato ƙugu, da "sırt", wato gadon baya, kuma idan aka yi kuskure a nan majinyaci zai amsa tambaya kan wurin da ba ya yi masa ciwo. Bayan haka a sake ba mutanen takardar bayan 'yan kwanaki a ga ko amsarsu ta tsaya, a kuma kwatanta makin da na Oswestry ko Roland-Morris, takardun tambayoyi masu auna yadda ciwon baya ke hana mutum harkokinsa na yau da kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne a tsaya a nan. Tunda aikin takardar hango gaba ne, dole ki bi majinyatan na watanni 3 zuwa 6, ki ga ko makin da ya raba gidajen haɗari a Ingila ya raba su daidai a Ankara.