Agarar hannu, ta ƙafa ko tantanin cinya: abin dubawa kafin a yi maka ƙarin agara

Ƙanena kafinta ne a Sabon Garin Zariya. Wata Talata suna sa gilashin taga, gilashin ya suɓuce, ya kai hannun hagu zai tare, sai ya tsaga masa gindin manuniya. Aka ruga da shi wani shagon magani na kusa, aka ɗinke fatar, jini ya tsaya, kowa ya yi hamdala. Bayan kwana goma aka cire zare, ciwo ya warke sumul, amma yatsan ya tsaya a miƙe kamar an ɗaura masa kara. Muka ce tsami ne. An shafa man zafi, an gasa da ruwan ɗumi, har wurin mai ɗori mun je, ya murza ya ja, ya ce ƙashi kalau yake. Gaskiya ya faɗa, ba abin da ya sami ƙashin. Sai da muka ci wata biyu da rabi kafin muka hau mota zuwa asibitin koyarwa na Shika.

Likita ya duba ya ce agara ce ta tsinke, duka biyun da ke lanƙwasa yatsan. Mu Hausawa abu uku muke ce wa jijiya: mai kai jini, mai kai saƙon ji da motsi, da farar igiyar nan da ke haɗa tsoka da ƙashi. Ta ukun ita ce agara, mahauta sun fi kowa saninta. Da mun zo a satin farko ko na biyu, da bakin nan biyu kawai za a jawo a haɗe a ɗinke. To amma agara in ta tsinke, tsoka janye ta take yi baya, ita kuma tsokar ta takure, bayan sati uku ko huɗu haɗa su ya zama jan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu sai dai a samo wata agarar daga wani wuri a yi ƙari.

Daga ina? A nan cinikin yake, kuma gara ka san abin da aka kasa maka tun kafin a miƙo takardar amincewa da tiyata.

"Malam, haɗa babban yatsanka da ƙaramin," in ji likita. "Yauwa. Ɗan karyo wuyan hannun ciki." Sai ga wata igiya ta taso a tsakiyar tsintsiyar hannunsa kamar tsirkiyar gurmi. Likita ya danna ta ya ce, "To, kai kana da safaya."

Gwada a naka hannun yanzu, dama da hagu. Sunanta a bakin likitoci falmaris longus. Siririyar tsoka ce da ta taso daga ƙullun ƙashin da ke gefen gwiwar hannu ta ciki. Namanta gajere ne, sauran duk doguwar agara ce da ta gangaro ta baje a tafin hannu. Aikinta ɗan taya lanƙwasa wuyan hannu ne, kuma tana da manya biyu a gefe da gefe masu yin aikin ko da ita ko babu. Ba kowa Allah ya sa wa ita ba. Kimanin mutum 14 cikin 100 a duniya ba su da ita, wani a hannu ɗaya, wani duka biyu, kuma an auna ƙarfin damƙarsu ba a ga wani bambancin kirki ba. Yawan masu ita ya danganta da asalin mutane. Binciken da aka yi a kan Yarbawa aka buga a 2009 ya sami kashi 6.7 cikin ɗari ne kawai ba su da ita, alhali wani da aka yi a Turkiyya a 1997 ya sami sama da kashi 60. Ke nan galibinmu a nan muna da ita. Ni a dama nake da ita, hagu wayam, kuma ban taɓa sani ba sai ranar, ina zaune a bencin jira ina murɗa hannu kamar mai koyon kiɗan kalangu.

Abin da ya sa likitocin hannu suke fara neman ta a fili yake. Tana cikin hannun da aka riga aka wanke aka kashe da allura, don haka sau da yawa ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba, allurar da ke kashe hannu kaɗai ta isa, wannan kuwa ragi ne a kuɗi da wahala. Ƙananan yanka biyu ko uku ake yi a zaro ta. Ba ciwo a ƙafa, da ƙafarka za ka taka ka fita. Kaurinta ya yi daidai da hanyar da agarar yatsa ke bi, tsawonta kuma wajen santimita 15, wanda ya isa daga tafin hannu zuwa kan yatsa guda. Ƙarfinta ma an gwada. A 1974 wani likita a Amurka, Frank Jobe, ya ciro ta daga hannun daman wani ɗan wasan ƙwallon besbol mai suna Tommy John, ya gyara masa gwiwar hannun hagu da yake jifa da shi. Mutumin ya koma fili ya yi ta wasa har 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan tiyatar.

Aibinta kuma a faɗe shi. Gajera ce, guda ɗaya ce a kowane hannu. Wanda gilashi ko lauje ya yanke wa yatsa uku, ko wanda ake son ƙarin ya taso tun daga saman wuyan hannu har kan yatsa, ba za ta kai shi ba. Ga ta kuma da yawan siffa: akwai wanda tasa a juye take, naman a ƙasa kusa da wuyan hannu, agarar a sama, akwai mai rassa biyu, akwai wanda tasa siririya ce kamar zare ba ta da amfani. Babban abin tsoro shi ne maƙwabciyarta. Dab da ƙarƙashinta akwai babbar jijiyar saƙo da ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe ji. Ga wanda ba shi da falmaris, wannan jijiyar ce ke kwance a wurin, fara, doguwa, kuma an sha rubutawa a mujallun likitanci cewa an yanke ta bisa kuskure an ɗauka agara ce. Wanda aka yi wa haka ya shiga da yatsa ɗaya mara lafiya, ya fito da rabin hannu a mace. Saboda haka in likita bai sa ka haɗa yatsun nan ya gani da idonsa kafin ranar aiki ba, kada kunya ta hana ka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da ita kuwa? In an buɗe babu, daga ina za a ciro?" Likitan da ya san aikinsa yana da amsar tun kafin ka rufe baki.

Amsar galibi ƙafa ce. A cikin sha-raɓa akwai wata 'yar'uwarta, filantaris, wadda ta bi gefen babbar agarar dunduniya ta ciki. Ta ninka ta hannu tsawo, takan kai santimita 30 ko fiye, don haka ita ce ta mai dogon giɓi ko mai yatsa biyu. Cire ta ba ya hana tafiya ko gudu. Sai dai ita ma kusan mutum ɗaya cikin goma ba shi da ita, kuma ba wani motsi da za ka yi ta taso a gani. In ba a yi sikanin ƙafar ba, cinikin biri a sama ne, sai an yanka a san ko tana nan. Ka nemi a duba. Ka kuma lissafa cewa ciwo ya zama biyu, maganin barci ya ƙaru, zaman tahiya zai yi maka wuya na ɗan lokaci, tela mai keken ƙafa da ɗan acaɓa kuma su san da hutu.

Agarar da ke ɗaga yatsun ƙafa ita kowa yana da ita, kuma ana iya samun uku daga ƙafa guda. Ta mai yanka da yawa ce. Farashinta tabo a bayan ƙafa da ɗan raunin ɗaga yatsun.

Tantanin cinya wata hanya ce daban. Farin mayafi ne mai ƙarfi da ya lulluɓe tsokar cinya ta waje, ana yanko shi tsiri-tsiri iya tsawon da ake so. Ba ya santsi a cikin yatsa kamar agara, don haka ba shi ne zaɓin farko na lanƙwasa yatsa ba. Inda ya yi fice shi ne fuska. Yaron da aka haifa fatar idonsa a sauke, da shi ake rataye ta a tsokar goshi, in ya ɗaga gira ido ya buɗe, amma sai yaron ya kai wajen shekara uku cinyar ta yi tsawon da za a samu, kafin nan zaren silikon ake sawa. Wanda bakinsa ya karkace saboda shanyewar jijiyar fuska ma da shi ake tallafe kusurwar bakin. Agarar hannu na yin waɗannan ayyukan ga babba, tabonta kuma ya fi ƙanƙanta. Mu da muke da cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta a Saye, yatsun da kuturta ta ƙanƙame ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗaya daga hanyoyin gyara su ita ce haɗa biyun: a kwance falmaris daga tafin hannu, a ƙara mata tsawo da tantanin cinya, a raba shi huɗu, kowane yatsa da reshensa.

Ƙanena da ya ji duk wannan sai ya ce, "Yaya, ba a sayar da ta roba ne? Mu saya mu huta da yanke-yanke." Mutane da yawa haka suke zato, har wasu suna ganin ta roba ita ce ta masu kuɗi. Sandar silikon da ake sawa a yatsa ba agara ba ce, ba ta jan komai. Ana sa ta ne idan hanyar da agarar ke bi ta toshe da tabo. Sai a shimfiɗa sandar a ciki, jiki ya gina mata kube mai santsi, bayan kamar wata uku a sake buɗewa a zare ta a zura agarar gaske, wadda dai daga hannunka ko ƙafarka za ta fito. Tiyata biyu ke nan, kuɗin ɗakin tiyata biyu, kusan rabin shekara ba sana'a. In likita ya ce yatsanka na buƙatar ta, ba ciniki, domin agarar da aka zura a toshasshiyar hanya mannewa take yi, an yi asarar ta. Amma ba abin da mutum zai roƙa da kansa ba ne. Agarar mamaci da aka adana kuwa sai asibitin da ke da ma'ajiyar sassan jiki, tana da tsada, kuma mai safaya a jikinsa bai da dalilin neman ta.

Akwai zaɓin da ba a cika son ji ba, ni kuwa ina ganin mutuncinsa: a bar yatsan. Kowane yatsa, ban da babba, agara biyu ke lanƙwasa shi, ɗaya gaɓar tsakiya, ɗaya gaɓar kai. In ta kan ce kaɗai ta tsinke aka daɗe, yatsan na damƙa da gaɓar tsakiya, likitoci da yawa shawararsu ita ce a ƙyale, ko a ƙafe gaɓar kan a ɗan lanƙwashe, domin garin neman gira ana iya rasa ido. Manomi ko ɗan dako ba zai rasa komai ba. Mai ɗinkin aska takwas a cikin birni, wanda abincinsa ke kan allura, lissafinsa daban. Ka faɗa wa likita sana'arka dalla-dalla, da hannun da kake aiki da shi.

Kuɗin da bai fito a takardar biya ba shi ne na gashi, wato motsa yatsan a wurin ƙwararre bayan tiyata, kuma shi ya fi kayar da mutane. Bayan aikin hannu zai zauna a ɗaure wajen sati shida, ana motsa yatsan a hankali yadda mai gashi ya tsara. In an bar shi ba motsi agarar ta manne da nama, in an yi gaggawar damƙa ɗinkin ya ɓalle. Aikin ƙarfi sai bayan wata uku. Wanda ke zaune a Ƙofar Doka ya zauna ya lissafa kuɗin mota zuwa Shika ta Kwangila da Samaru, zuwa da dawowa, sau nawa a sati, da abin da iyali za su ci a watannin. In lissafin bai fita ba, gara a ɗaga ranar aikin a tara, tunda tsohon yanka ne sati biyu ba za su ƙara masa komai ba. Sabon yanka ne ba ya jira. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin agara mafi kyau ba gashi, da ta biyu da mai gashi mai haƙuri, ta biyun zan ɗauka.

Mu an dace, hanyar yatsan ba ta toshe ba, aka ciro ta hannun hagun nasa aka yi aikin a zama ɗaya. Faɗan da muka yi da shi bai wuce na hana shi leƙa shago ba, don a sati na biyar na kama shi yana riƙe wa yaronsa katako. Yanzu in ya dunƙule hannu manuniyar ba ta taɓa tafi, akwai saura kamar faɗin yatsa guda, kuma da sanyin hunturu takan yi masa tauri da safe. Ƙusa dai yana riƙe ta, har 'yar inci ɗaya.