Faffaɗar Taya a Baya ko Huɗu Bai Ɗaya? Karanta Kafin Ka Shiga Shagon Taya

Duk wanda ya taɓa kallon motar Formula 1 ta baya ya san abin da ke ruɗar samarinmu: tayoyi kamar ganguna, na gaba kuma ba su kai su ba. Daga 2017 zuwa 2025 kamfanin taya na Pirelli ya riƙa yi musu ta gaba mai faɗin milimita 305, ta baya 405. Ba ado ba ne. Injin yana bayan direba, kuma ƙafafun baya ne kaɗai ke tura motar. Haka Porsche 911, wadda injinta ke can bayan ƙafafun baya da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta. Shi ya sa samfurinta na GT3 ƙirar 992 ke fitowa da 255 a gaba, 315 a baya. Irin wannan mota in ka daidaita mata taya, bayanta zai riga gabanta fita daga kwana. Mai irinta ya bi abin da kamfani ya sa, magana ta ƙare.

To amma mu nawa ke da Porsche? Abin da yawancinmu ke iya saya mu gyara don filin tsere shi ne tsohuwar BMW irin E46: inji a gaba, ja a baya, nauyi kusan rabi da rabi. Samfurinta mai ƙarfi, M3, ya zo da 225/45 R18 a gaba da 255/40 R18 a baya (lambar farko faɗin taya ne a milimita, 18 kuma girman rim a inci), kuma da gangan aka yi, don gaban ya riga bayan zamewa. Direban da bai ƙware ba in gaba ya turje sai ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta dawo hanya. A titi wannan rufin asiri ne. A filin tsere kuwa ka murza sitiyari tana ƙin shan kwana, gefen tayar gaba na cinyewa kamar an sa masa wuƙa.

Ni dai huɗu bai ɗaya na zaɓa, 255 ko'ina, kuma ban yi da-na-sani ba. Ranar farko na ji bambancin a kwanar farko: inda na nuna nan ta shiga. Birki ma ya fi ci, tunda gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Sannan aljihu ya huta, domin kana iya mayar da na gaba baya su cinye tare, kuma safaya ɗaya ta ishe ka. Sai dai ka tanadi kuɗin rim mai faɗi na gaba, ka sa bakanike ya murza sitiyari har ƙarshe ya ga ko tayar na gogar jiki, kuma ka san bayan motar zai ƙara rawar kai. Wanda bai iya tare mota in ta zame ba ya koya a hankali.

Akwai masu sa faffaɗar a gaba, kamar Audi RS3 mai 265 gaba da 245 baya. In ba motarka ce mai nauyin kai irin wannan ba, wuce. Mai ja da ƙafa huɗu kuma ya kula tsayin tayoyin ya zo ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ce za ta biya bashin.

Wannan maganar tsayi ita ta fara ƙona ni. Lambar tsakiya, kamar 45 ɗin da ke cikin 225/45 R18, tsayin gefen taya ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ba awo ba. Shi ya sa tayoyin M3 ɗin can, duk da bambancin faɗi, tsayinsu kusan milimita 660 ne duka biyun. Wani mai shago ya taɓa cusa min biyu na baya masu lambar tsakiya daban, yana cewa, "Alhaji, ai duk sha takwas ce, wallahi za ta zauna." Ta zauna kam, amma fitilar dashbod ta kama, kwamfutar motar ta riƙa yanke min wuta a kwana.

Wannan ma da sauƙi. Da mai faci ya cire su, sai ga faci a cikin gefen ɗaya, wurin da ba a yi wa faci ko a motar kai yara makaranta. Tun daga nan ba na sayen tayar Beljiyam sai na leƙa cikinta da tocila. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In wurin ya yi sumul kamar an goge, ajiye ta. In ƙasan zanen ya yi sabo fil, gefensa da kaifi, alhali jikin ya tsattsage, sassaƙa ta aka yi da ƙarfe mai zafi. Baƙin mai da suke shafawa tana ƙyalli, sa yatsa ka goge ka ga abin da ke ƙasa. Duba harafin gudu ma, mai nuna iyakar gudun da tayar ke iya jurewa: H kilomita 210 ne a awa, V 240, W 270, Y 300. Tsohuwar tayar tsere kuwa tana iya zuwa da zane cikakke amma zafi ya riga ya dafa robar ta bushe. Danna farce, in bai shiga ba, ba za ta kama kwalta ba. Kuma biyun da za su zauna a layi ɗaya, gaba ko baya, su zama kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, ko da mai shago zai rantse maka da kabarin kakansa.