Kwalba mai jan ruwa da mai ruwan ɗorawa: me ya sa zafi ɗaya bai yi musu ɓarna ɗaya ba?

Wata ƙanwarmu a ƙungiyar ɗaliban kimiyya Hausawa mazauna Legas ta ce ta gasa kwalabe biyu na ƙwayoyin halitta iri ɗaya a digiri 43 na Celsius tsawon awa guda. A ɗaya da yawa sun rayu, a ɗayar kuwa sai tsiraru. Ko ma'aunin zafin ne ya lalace?

Ƙanwata, kafin ki ɗora wa na'ura laifi, tuno launin ruwan abincin da ke kowace kwalba a ranar.

Mai jan ruwa tana wajen pH (ma'aunin tsami) 7.4, daidai da jinin jiki, ga sukari wadatacce. Wadda ta kwana uku a cunkushe kuwa, ƙwayoyin sun cinye sukarin sun zubar da tsami, shi ya sa launin ya karkata zuwa ɗorawa, domin rinin da ake sawa a ciki yakan juya idan pH ya gangaro wajen 6.8. Tun 1977 wani masani, Gerweck, ya nuna a ƙwayoyin CHO (ƙwayoyin wata dabba mai kama da ɓera, hamster, da ake rainonsu a ɗakin gwaji) cewa tsami na ƙara wa zafi kisa sosai. Yunwa ma haka. Ni dai nan nake zargi. Sai dai mai jan ruwan ma ba ta tsira gaba ɗaya ba: ƙwayoyin da ke tsakar kwafin DNA sun fi sauran raki a gaban zafi.

Sannan a ina kika gasa su? Wadda aka nutsar a ruwan zafi takan ɗau zafin nan da nan, ta cikin inkubeta (akwatin ɗumama ƙwayoyi) kuwa iska ce ke ɗumama ta a hankali. Kada ki raina digiri ɗaya. A lissafin masana Sapareto da Dewey na 1984, awa guda a 42 daidai take da minti 15 kacal a 43, awa guda a 44 kuma daidai take da awa biyu a 43.

Murfi ma a ɗaure shi tamau, in ba haka ba iskar CO2 ta fice, pH ya haura. In kuma an ɗauke wuta ana tsakar aiki, kin san halin garin nan, rubuta mintocin da aka yi kafin janareta ya tashi.

Ki maimaita da ruwa ɗaya, yawan ƙwayoyi ɗaya, a kwanon ruwan zafi ɗaya. Kada ki ƙirga washegari. Jira mako ɗaya zuwa biyu, ki ƙirga dunƙulen da ya kai ƙwaya 50, sannan ki turo mana hoto.