Maƙerin da ya ƙi yi mini adda da ƙarfen kakana

A ƙarshen damina, lokacin da ake sharar ƙasar karal, wato laka mai riƙe ruwa, domin dashen masakwa, dawar rani, na kai tsofaffin ruwan garma biyu da na gada zuwa wata maƙera da ke kusa da babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru, da nufin a ƙera mini adda da su. Kakana ya saye su ne a wajen maƙeran Mafa na duwatsun Mandara, a yankin Mokolo, tun zamanin da suke tara baƙin yashi a rafuka suna narka tama da gawayi, kuma a gidanmu mun taso da imanin cewa tsohon ƙarfe ya fi na yanzu ta kowace fuska.

Dattijon da ke da maƙerar bai karɓi aikin nan take ba. Ya ɗora garma ɗaya a kan uwar maƙera, ya ɗan sari gefenta, ya lanƙwasa wurin da masaba, sai ƙarfen ya tsage zare-zare kamar tuƙar rake maimakon ya karye. Daga nan ya sa yaronsa ya ja zugazugi, ya gasa guntun tare da wani guntun sifirin mota har suka yi ja, ya tsoma su a ruwa, sannan ya goga musu magagari: ya ci na kakana kamar sabulu, amma a kan sifirin sai santsi yake yi. Ya ce da ni, "Ɗana, wannan ba ya shan ruwa, kaifinsa ba zai kai ka azahar ba."

Maganarsa tana kan hanya. Ƙarfe mai laushi irin wannan, wanda da danginsa na masana'anta aka gina hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka kammala a 1889, sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba, kuma ragowar kashin tama da ya miƙe a jikinsa ne ke ba shi zaren nan. Sifirin kuwa yana da kusan kashi 0.6, shi ya sa yake taurara idan aka tsoma shi da zafinsa. Ba duk ƙarfen Mafa ne mai laushi ba, domin murhunsu kan fitar da mai tauri da mai laushi a dunƙule ɗaya, sai dai ni mai laushin na gada.

Shawarar da ya ba ni ita ce a yi addar da sifirin, a mayar da garmunan sarƙa da sakatar ƙofar rumbu, aikin da ya fi buƙatar juriyar lanƙwasa fiye da kaifi. A nan ne na ga gwanintarsa, domin ya ƙi dukan tsohon ƙarfen sai da ya wuce ja ya kusa yin fari, yana cewa idan aka buge shi da ɗan sanyi tsagewa yake yi. Ya haɗa bakin kowane zobe da wuta da masaba kawai, ba walda, har na duba ban ga mahaɗin ba.

Addar ta yi mini aikin shara gaba ɗaya, sau biyu kawai na wasa ta. Inda maƙerar ta gaza shi ne alƙawari: an ce mini mako ɗaya, na yi ta zirga-zirga har mako uku, kuma ƙotar da yaran suka sa ta fara girgiɗi tun a rana ta huɗu, ga alama ɗanyen itace ne. Da na mayar, dattijon ya sake ta da hannunsa bai karɓi ko sefa ɗaya ba. Wanda zai kai masa aikin gona ya kai tun ana tsakiyar damina, kuma ya roƙa a sa masa busasshiyar ƙota a gabansa.