Motar tafi-da-gidanka ko Hilux: wacce za ta kai ka Gembu da karenka?

Malam, ga tambayarka yadda na fahimce ta. Kana son ka tashi daga Birnin Kebbi a watan Disamba, kai da ƙanenka da karen farautarka, ku ratsa Jos ku hau Mambila har Gembu. Wani bakanike ya ce zai cire kujerun wata tsohuwar Coaster ya sa maka gado da tankin ruwa da wurin girki, ta koma motar tafi-da-gidanka irin wadda Turawa ke yawon duniya da ita. Ga kuma Hilux ɗinka a gida. Wacce za ka ɗauka? Na bi hanyar nan sau biyu, sau ɗaya da kare a bayan mota, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Da karen zan fara, tunda ba don shi ba da maganar Coaster ba ta taso ba. Masaukan garuruwanmu ba sa maraba da kare. A wani otal da na tsaya a hanya, mai gadi na hango shi ya ce ko harabar ba zai taka ba. Na yi magiya, na yi alkawarin ba zai fito daga keji ba, a banza. A tasha na kwana a kan kujerar direba. To, a nan Coaster ta ci: ɗakinka na tare da kai, ba ka roƙon kowa. Amma ka tuna ɗakin ɗaya ne tak. Nan za ka kwanta, nan za ka ci abinci, nan za ka shimfiɗa sallaya in ana iska a waje, kuma nan karen yake. Malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, kuma an yarda da ajiye na farauta da na tsaron dabbobi da gona, amma kwana da shi a ɗaki guda wata magana ce daban da ya kamata ka kai wa malaminka kafin bakanike ya ɗora guduma. A Hilux wannan damuwar ba ta taso ba: ku a gaba, shi a baya.

Bayan Hilux ɗin ma yana da sharaɗi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa kake ganin harshe a waje. Ko a hunturu, ranar Sakkwato da Zamfara tana gasa ƙarfen bayan mota har ya ƙona masa tafin ƙafa. Sai ka shimfiɗa katako ko tsohon buhu, ka sa shi a keji mai shan iska, ka ɗaure kejin da kyau, ka yi masa rumfa. Kada ka kuskura ka ɗaure shi da igiya a wuya ka bar shi a sake. Ya hango zomo ya yi tsalle, igiyar ce za ta rataye shi. Duk awa biyu ka tsaya ka ba shi ruwa. Coaster ɗin kuwa, in ka kulle ta a rana ka shiga masallaci ko gidan abinci, tanda ce.

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Sakkwato, Talata Mafara, Gusau, fili ne shimfiɗaɗɗe, sai bayan Gusau dutsen Kwatarkwashi ya tare maka ido. A irin wannan hanya babbar mota ba ta wahala, har ta fi daɗin zama. Matsalar ba ta kwalta ba ce. Duk daɗin motar tafi-da-gidanka a kan abu ɗaya ya tsaya: inda magariba ta same ka, nan ne gida. A Amurka akwai filaye na musamman da ake biyan kuɗi a ajiye irin waɗannan motoci, da wutar lantarki da famfo da wurin zubar da ruwan banɗaki. Mu fa? Wane mai hankali ne zai faka a gefen daji tsakanin Gusau da Tsafe ya ce zai kwana? Kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ke ciki da 'yan bindiga. Da rana tsaka ake wuce ta, a cikin jerin motoci, bayan an tambayi direbobin tasha labarin safiyar. Dole dai ka nemi katanga da ƙofa da mai gadi, kuma da zarar ka nemi waɗannan, rabin amfanin Coaster ya tafi. Ƙari a kan haka, doguwar mota mai labule da farantin sola a kai tana jan ido, daga na masu shingen bincike har na waɗanda ba ka so su gan ka. Hilux mai ƙura kuwa ɗaya ce cikin dubu.

Hawan Jos daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka ba abin tsoro ba ne, ko da yake garin na kan tudu mai kusan mita 1,200. Jarrabawar tana Taraba. Ka bar Jalingo, ka wuce Bali da Serti, ka isa Mayo Selbe, daga nan hanya ta miƙe tsaye tana nannaɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, har ka fito saman tudun da ya kai wajen mita 1,600. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, saboda iskar sama ba ta da kauri. Yanzu lissafa kayan da bakanike zai loda maka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, wato tanki mai lita 200 daidai yake da buhun siminti huɗu, ban da katakon gado da batura da tukunyar gas. Tsohuwar Coaster da wannan nauyi za ta hau, amma tana nishi, idonka na kan allurar zafi.

Saukowar ta fi hawan haɗari. Ni da ƙaramar mota ma, rannan na dogara da birki, kafin in kai ƙasa ƙaurinsa ya cika motar, feda ta fara laushi. Giya ta ɗaya ko ta biyu ake sa wa, a bar inji ya riƙe motar. Gwargwadon nauyi, gwargwadon zafin birki, don haka a nan Hilux ta yi wa Coaster fintinkau. Haka kuma in ka bar kwalta za ka gonakin shayi na Kakara ko wata ruga.

Sanyin Nguroje da Gembu zai sa ka yi marmarin gadon Coaster, ban musa ba. Sai dai kada a kunna gawayi ko janareta a cikin rufaffiyar mota. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci take sa wa, ba a farkawa. Karen Kabi mai gajeren gashi zai yi ta karkarwa a can, ka tafi masa da tsohon bargo.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin lita, dizal kuwa ya riga shi tsada, kuma tafiyar nan ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, zuwa kaɗai. In kuma wani ya kawo maka tallar motar tafi-da-gidanka ta Ingila da aka ƙera tun daga kamfani, duba sitiyari: na dama ne, mu kuwa tun 1972 gefen dama na titi muke bi da sitiyarin hagu, ga kayan gyaranta ba a kasuwa.

Kowacce ka ɗauka, a yi wa karen allurar rigakafin hauka, ka riƙe takardar likitan dabbobi a aljihun mota. In ka isa Jos, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana nan kusa. Wajen Serti akwai tsando da kaska, kuma sammore na kama kare kamar yadda yake kama shanu, saboda haka duk yamma ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa. Gandun dajin Gashaka Gumti an hana farauta a cikinsa, kada ka doshi ƙofarsa da karen farauta. A saman Mambila kuma shanu ne ko'ina. Ka riƙe shi da sarƙa, kada ya kori maraƙin wani ka kwana kana ba da haƙuri.

Ni dai Hilux zan ɗauka, in sayi keji mai kyau, in nemi mai masauki a Zariya da Jos da Jalingo tun kafin in tashi, mutumin da ke da gareji ko zaure inda kare zai kwana. 'Yan'uwanka mafarauta sun fi kowa sanin irin waɗannan gidaje. In kuma zuciyarka ta nace sai Coaster, kafin a yanke kujera ko ɗaya ka ari bas, ka jefa katifa a ciki, ku tafi Zuru da karen ku kwana biyu a harabar wani ɗan'uwa. Ka dawo ka ba mu labarin wanda ya yi barci a cikinku.